Tambayoyi da Amsoshi: Iyakar Naɗin da Ya Kamata Laburaren Harshen Kwamfuta Ya Yi wa Ayyukan Babbar Manhaja

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a nan Sakkwato, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da sauransu, sukan zo da tambayoyi masu kama da juna da zarar sun wuce matakin ƙananan manhajojin lissafi, sun fara taɓa fayil da hanyar sadarwa. Galibi abin da ke jawo tambayar shi ne manhaja ta yi aiki lafiya lau a kan Windows amma ta ƙi yi a kan Linux, ko kuma ɗalibi ya karanta labarin wani aiki da babbar manhaja (wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows da Linux) ke iya yi, ya duba laburaren harshensa (wato tarin shiryayyun ayyukan da suke zuwa tare da harshen) bai same shi ba. Ga tambayoyin da amsoshinsu.

Malam, me ake nufi idan an ce laburare ya naɗe aikin babbar manhaja?

Manhajar da kuka rubuta ba ta da ikon taɓa faifan ajiya ko katin sadarwa da kanta. Duk lokacin da take son buɗe fayil, ko aika saƙo ta intanet, ko tayar da wata manhaja, dole ne ta roƙi zuciyar babbar manhaja, wadda ake kira kanel, ta yi mata. Kanel ɗin Linux yana da irin waɗannan ƙofofin roƙo fiye da 300, kuma kowace tana da lambarta da ƙa'idar yadda ake jera mata bayani. Ba kasafai mai rubuta manhaja yake ƙwanƙwasa su da hannunsa ba. Idan kun rubuta open a Python, laburaren harshen ne yake karɓar sunan fayil ɗin, ya mai da shi siffar da babbar manhaja ke fahimta, ya kira openat idan Linux ce, ko CreateFileW idan Windows ce, sannan ya dawo muku da sakamakon cikin siffar da ta dace da harshen. Wannan shiga tsakani shi ne naɗi.

To me ya hana a naɗe komai da komai a huta?

Dalili na farko shi ne manyan manhajojin ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu ya wuce na suna. A Linux da macOS akwai fork, wanda yake raba manhaja mai gudana gida biyu, uwa da 'ya, kowace ta ci gaba daga inda aka tsaya. Windows ba ta ba masu rubuta manhaja wannan ba, hanyarta ita ce CreateProcess, wadda take tayar da sabuwar manhaja tun daga farko. A Linux ana iya goge fayil alhali wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, a Windows kuwa yawanci ƙi za ta yi. Laburaren da ya ce zai naɗe komai, a gaskiya laburare uku ko huɗu zai zama a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na biyu, babbar manhaja ba ta tsayawa wuri ɗaya. A 2019 Linux 5.1 ta zo da io_uring, sabuwar hanyar karatu da rubutu mai sauri wadda Jens Axboe ya gina, kuma tun daga lokacin ake ta ƙara mata sababbin abubuwa. Laburaren harshe kuwa alkawari ne: abin da ya shiga cikinsa, mutane za su dogara da shi shekaru da dama, ba a iya canja masa siffa yadda aka ga dama. Masu harshen Go sun ɗanɗana wannan. Sun fitar da Go 1 a 2012 tare da alkawarin cewa manhajar da aka rubuta a kansa za ta ci gaba da aiki, amma ɓangaren syscall nasu ya yi ta kumbura har ya gagari kulawa, sai suka daskarar da shi a Go 1.4 cikin 2014, suka mai da sababbin ayyuka zuwa wani kunshi na waje mai suna x/sys, wanda ba ya ƙarƙashin wancan alkawari.

Na uku, kowane naɗi yana buƙatar mutumin da zai kula da shi. Python ya daɗe yana tinƙaho da cewa laburarensa ya zo da kayan aiki cikakku, amma a Python 3.13 na 2024 an cire tsofaffin ɓangarori 19 da aka rasa masu kula da su. Hatta glibc, laburaren C da yawancin Linux ke tsaye a kansa, bai naɗe komai ba. Kiran getrandom ya shiga kanel a 2014, amma sai 2017 glibc ya ba shi naɗi. Gettid ya jira har 2019. Futex kuwa, wanda makullan zaren aiki (zare shi ne kowane layin aiki da ke gudana tare da wasu cikin manhaja ɗaya) suka dogara da shi, ba a yi masa naɗi na fili ba.

Idan haka ne, me ya sa ba za a ɗauki abin da duk manhajojin suka yi tarayya a kansa kaɗai ba?

An gwada wannan, kuma tarihin Java ya nuna inda yake kaiwa. Java ya fito tsakiyar shekarun 1990 da burin a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki ko'ina, saboda haka laburarensa na farko ya kauce wa duk abin da ya keɓanta da babbar manhaja ɗaya. Sakamakon shi ne aji mai suna File, wanda idan kuka ce ya goge fayil bai gogu ba, abin da zai dawo muku da shi kawai shi ne «a'a», ba tare da ya faɗi dalili ba. Ko fayil ɗin babu shi, ko ba ku da izini, ko folda ce mai kaya a ciki, duk amsa ɗaya ce, alhali babbar manhaja ta faɗi dalilin ƙarara, laburaren ne ya haɗiye shi. Sai a Java 7 na 2011 aka kawo sabon tsarin fayil mai bayyana dalilin gazawa, mai sanin izinin fayil irin na Unix (dangin manyan manhajoji irin su Linux da macOS) da fayilolin da ke nuni zuwa wasu. Hanya mai sauƙi ta sanin lambar da babbar manhaja ta ba manhajarka mai gudana ba ta samu ba sai a Java 9 na 2017. A tsawon waɗannan shekaru, duk mai buƙatar irin waɗannan abubuwa sai ya koma ya rubuta C ya haɗa ta JNI, gadar da ke tsakanin Java da C, wato ya rasa ainihin abin da ya sa ya zaɓi Java.

Harshen C kansa ya tsaya a wannan ƙaramin mataki. Ƙa'idarsa ta 1989 ba ta san folda ba, ba ta san hanyar sadarwa ba. Abin da ya cike giɓin a duniyar Unix shi ne POSIX, ƙa'idar da IEEE ta fara fitarwa a 1988. C++ bai samu ɓangaren kula da folda a laburarensa na asali ba sai a ƙa'idar 2017.

Wane matsayi ne kuke ganin ya fi daidai?

A ganina ba a auna cikar laburare da yawan ayyukan da ya naɗe. Ana auna ta da abu biyu: shin ya faɗi gaskiya a kan abin da ya naɗe, kuma shin ya bar ƙofa a buɗe zuwa abin da bai naɗe ba? Duk wanda ya taɓa sayen dabba a kasuwar Kara ya san amfanin dillali, domin yana rage wahala kuma ya san harshen ɓangarorin biyu. Amma dillalin da ya ɓoye maka aibin dabbar, ko ya hana ka duba haƙoranta da kanka, ya zama cikas.

Harshen Rust, wanda ya kai sigar 1.0 a 2015, ya fi kusa da abin da nake nufi. Yana da bene na sama wanda yake aiki ko'ina, sannan yana da ɓangarori masu suna a fili, ɗaya na Unix ɗaya na Windows, waɗanda sai mai rubutu ya shigo da su da gangan. Duk wanda ya karanta manhajar zai ga layin da aka bar hanyar kowa aka shiga ta babbar manhaja ɗaya. Sauran ayyukan da ba a cika buƙata ba an bar su ga kunshin waje irin su libc da nix. Python ya bi hanya mai kama da wannan, sai dai ya fi cakuɗa su: os.fork yana zaune a wuri ɗaya da ayyukan da ke gudana ko'ina, kuma sai an karanta bayaninsa ne za a ga cewa na Unix ne kaɗai, ko da yake fcntl da winreg an ware su daban.

Wane misali ne ya shafe mu kai-tsaye a nan?

Ɗauke wuta. Ku ɗauki manhajar da aka rubuta wa mai shagon magani a kusa da Babbar Kasuwa, wadda take ajiye cinikin yini a fayil guda. Mai rubutun ya buɗe fayil ɗin, ya zuba sabon lissafi a kan tsohon, ya rufe, manhaja ta nuna cewa an adana. Bayan daƙiƙa biyar wuta ta tafi, kwamfutar tebur ce kuma babu batir. Da aka tayar da janareta aka kunna ta, sai a iske fayil ɗin babu komai a cikinsa, ko kuma rabinsa ne ya rage: sabon bai shiga ba, tsohon kuma ya tafi.

Abin da ya faru shi ne, rubutu yana bin matakai kafin ya isa faifai. Laburaren harshe yakan tara bayanan a wurinsa, flush ne yake miƙa su ga kanel. Kanel kuma yakan riƙe su a ƙwaƙwalwar wucin gadi ya jira lokacin da ya ga ya dace, domin hakan ya fi sauri. Rufe fayil bai tilasta masa sauke su ba. Umarnin da ke tilastawa shi ne fsync a Linux, FlushFileBuffers a Windows. Hanyar da ta fi aminci ita ce a rubuta sabon lissafin a wani fayil na daban cikin folda ɗaya, a yi masa flush, a yi masa fsync, sannan a canja masa suna ya maye gurbin tsohon, a Linux kuma a ƙara yi wa foldar kanta fsync domin sabon sunan ya tabbata. Da wannan, ko a wane lokaci wutar ta tafi, ɗayan biyu za a samu cikakke, tsohon ko sabon.

Yanzu ku duba yadda naɗi ya shigo cikin maganar. Laburaren da ya ba ku rubutu da rufewa kaɗai, bai ba ku fsync ba, ya hana ku rubuta manhajar da za ta jure wutar garin nan. Kuma ko da ya bayar, akwai sauran bambanci. A Python, os.rename yana maye gurbin fayil ɗin da ke nan idan Linux ce, amma a Windows ƙi yake yi, shi ya sa aka ƙara os.replace a Python 3.3, mai hali ɗaya a duka biyun. A macOS kuma fsync bai tilasta wa faifan kansa sauke abin da ya riƙe ba, sai an bi ta fcntl da umarnin F_FULLFSYNC. Wannan bambanci ne da laburare bai kamata ya share shi ba. Ga ɗalibin da ba ya son shiga duk wannan, shawarata ita ce ya ajiye irin wannan lissafi a SQLite, ƙaramin rumbun adana bayanai wanda yake cikin laburaren Python tun sigar 2.5, domin maginansa sun riga sun yi wannan wahalar.

Me ya sa haruffan ƙ da ɗ da ɓ suke lalacewa ko su tsayar da manhaja?

Wannan ma batun naɗi ne, kuma ya shafi duk mai sarrafa rubutun Hausa, na boko ko na ajami. Babbar manhaja ba ta san haruffan da ke cikin fayil ba, jerin lambobin da ake kira bayit take gani. Laburare ne yake zaɓar tsarin da zai mai da harafi bayit. Python a kan Windows ya saba bin tsarin da babbar manhajar ta nuna masa, wanda a yawancin kwamfutocin da ke hannunmu shi ne cp1252, kuma wannan tsari ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ. Saboda haka manhajar da ta rubuta «ƙididdiga» lafiya a Linux za ta tsaya da kuskure a Windows, sai dai idan an ambaci utf-8, tsarin da ya ƙunshi waɗannan haruffa, a fili lokacin buɗe fayil ɗin. A nan biyayyar laburare ga babbar manhaja ita ce ta cutar, kuma masu harsunan sun gane haka: Java 18 na 2022 ya mai da UTF-8 tsarinsa na asali a ko'ina, Python ma ya amince da yin haka daga sigar 3.15.

Sunan fayil kuwa lamarinsa daban ne. A Linux suna jerin bayit ne kawai, wanda ba dole ba ne ya zama rubutu mai karantuwa, a Windows kuma ana ajiye shi da UTF-16. Laburaren da ya ɗauka cewa kowane suna rubutu ne mai tsabta zai gamu da fayil ɗin da ba zai iya buɗewa ba, misali daga tsohon filashi da ya ratsa kwamfutoci da yawa a shagon buga takardu. Rust ya ware wa irin waɗannan sunaye nau'i na musamman mai suna OsString, abin da yake ɗan gajiyar da mai koyo, amma ya fi kusa da gaskiyar lamarin.

Ashe bai kamata laburare ya ɓoye kowane kuskure ba ke nan?

Akwai wanda ya kamata ya ɗauke wa mai rubutu. A Unix, sigina, wato sanarwar da kanel ke aika wa manhaja, na iya katse kira yana tsakiyar aiki, ya dawo da EINTR, wanda ma'anarsa kawai a sake gwadawa. Tun Python 3.5 na 2015 laburaren yake sake gwadawa da kansa, kuma wannan daidai ne, domin amsar kusan kullum ɗaya ce. Amma cikar faifai, ko rashin izini, ko cire filashi ana tsakiyar rubutu, hukuncinsu yana hannun mai manhaja, shi ya san ko zai tsaya ko zai nemi wani wuri. Abin da ake so shi ne a ba kuskuren suna mai ma'ana ba tare da an jefar da lambarsa ta asali ba, kamar yadda Python 3.3 ya kawo FileNotFoundError da PermissionError amma ya bar errno, wato waccan lamba ta asali, a jikinsu.

Idan aikin yana da haɗari, ya halatta laburare ya ƙi bayar da shi?

Ya halatta idan harshen kansa ba zai iya ɗaukarsa ba. Fork yana kwafe zaren da ya kira shi kaɗai, saboda haka idan wani zare yana riƙe da makulli a lokacin, 'yar za ta gaji makullin a kulle babu mai buɗe shi, ta tsaya cik. Go yana gudana da zare da yawa tun daga tashinsa, shi ya sa bai bayar da fork tsura ba, sai haɗe da tayar da sabuwar manhaja nan take. Python ya bayar, amma daga 3.12 yana gargaɗi idan an kira shi alhali akwai zare fiye da ɗaya. Abin da bai halatta ba shi ne a hana aiki don kawai masu laburaren suna ganin mutane ba za su iya da shi ba.

Shin naɗi yana rage gudun manhaja?

Lokacin da naɗin kansa yake ci kaɗan ne idan aka gwada da na kiran kanel. Asarar tana zuwa ne idan naɗin ya zubar da bayanin da babbar manhaja ta riga ta bayar. Tsohon os.listdir yana dawo da sunaye kaɗai, sai a sake tambayar kowane suna ko fayil ne ko folda, alhali amsar ta zo tun a kiran farko. Da aka kawo os.scandir a Python 3.5, wanda yake riƙe wannan bayani, zagayen folda da os.walk ya ƙara sauri ninki 3 zuwa 5 a tsarin POSIX, ninki 7 zuwa 20 a Windows.

Me zan yi idan abin da nake buƙata babu shi a laburaren?

Ku fara da neman kunshin waje da aka san shi kuma ake kula da shi. Idan babu, harsunan da suka san abin da suke yi sun bar muku hannun kamawa: fileno a Python, Fd a Go, as_raw_fd a Rust, duk suna miƙa muku ainihin lambar da kanel ya san fayil ɗin da ita, ku kai ta ga duk kiran da kuke so. Daga nan akwai ctypes a Python, mai kiran laburaren C kai-tsaye, da sabuwar hanyar kiran laburaren waje da aka kammala a Java 22 na 2024.

Sai dai ku bi ta laburaren babbar manhajar, kada ku tsallake shi ku kira kanel da lamba. Linux ce ta yi alkawarin lambobin kiranta ba za su canja ba. A Windows lambobin suna canjawa daga siga zuwa siga, Apple ma bai yi wannan alkawari ba. Manhajojin Go sun taɓa karyewa da fitowar macOS Sierra a 2016 saboda haka, kuma daga Go 1.12 aka koma bi ta libSystem, laburaren macOS. Masu rubuta manhajar waya da na'urar POS su lura cewa ko da yake Android tana kan kanel ɗin Linux, tun Android 8.0 akwai matatar da take toshe wasu kiraye-kiraye, kuma manhajar da ta gwada su kashe ta ake yi.

Ina rubuta ƙaramin laburare don aikin kammala karatuna. Ina zan tsaya?

Ku naɗe abin da manhajarku take kira a yau, ba abin da kuke tsammanin wata rana za a nema ba, kuma ku tara duk abin da ya keɓanta da babbar manhaja ɗaya a fayil guda mai suna bayyananne. Idan akwai aikin da ba zai yiwu a Windows ba, ku sa ya tsaya da kuskure mai faɗin haka, kada ya yi shiru ya dawo kamar ya yi. Kafin ranar kare aikin a gaban malamai, ku gwada shi a kan Windows da Linux duka: ku ba shi fayil mai ƙ a sunansa, ku ajiye Sakkwato.txt da sakkwato.txt a folda ɗaya ku ga yadda Linux take ɗaukar su biyu Windows kuma ɗaya, ku cika filashi taf ku ce ya yi rubutu a kai, sannan ku kashe manhajar tana tsakiyar adanawa ku buɗe fayil ɗin ku ga abin da ya rage.